Me ya sa ƙananan gidajen Amurka suke da taya? Zare 🧵

1/
Jiya da daddare abokin ɗakina ya miƙo min wayarsa wai in kalli wani gida. Ɗan mitsitsi ne na katako, da kicin da banɗaki, gado a sama ana hawa da tsani, an ɗora shi a kan tirela. Ya ce wallahi mutanen nan sun huta, duk inda ka ga dama sai ka ja gidanka ka yi gaba.

Na ce masa ba don yawo aka sa tayar nan ba. Musu ya kaure har ƙarfe ɗaya. Tunda tsara birane nake karantawa, kuma a kan wannan na yi takardar zangon da ya wuce, bari in baje muku a nan. Zaren da tsawo fa, a samu wuri a zauna.

2/
Mu fara daidaita ma'auni don kar lambobi su ruɗa mu. Ɗakin da magina suke ce wa sha biyu sha biyu, murabba'in ƙafa 144 ne. Ku riƙe wannan a ka, da shi za mu riƙa auna komai.

A kundin ƙa'idojin gini da yawancin jihohin Amurka ke bi, ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce ƙafa 400 ba. Ashirin sau ashirin ke nan, bai cika ɗaki uku irin namu ba.

3/
A 1973 matsakaicin sabon gida a Amurka ƙafa 1,660 ne. A 2015 ya kai 2,687, kusan ɗaki 19 irin namu. A daidai wannan tsakanin mutanen da ke cikin gida ɗaya raguwa suka yi, daga kusan uku zuwa biyu da rabi.

Kuma a garuruwa da yawa, ko filin naka ne, kuɗin naka ne, in ka ce ƙafa 400 za ka gina ba za a ba ka izini ba. Ta yaya aka zo nan?

4/
Da ba haka abin yake ba. A 1845 marubuci Henry David Thoreau ya gina ɗaki mai ƙafa 10 sau 15 a bakin tafkin Walden a jihar Massachusetts, ya kashe dala 28 da 'yan kai, ya zauna shekara biyu da wata biyu. Ba wanda ya tambaye shi takarda.

Masu son ƙananan gidaje sun ɗauke shi kamar kakansu. Abin da ba su cika faɗa ba: filin na abokinsa Emerson ne, kuma gidan iyayensa tafiyar ƙafa ce daga wurin. Matsalar fili dai tun ranar farko wani ne ya ɗauke masa.

5/
Dokar girman ɗaki da dalili mai kyau ta fara, wannan kam a faɗi gaskiya. New York ta ƙarni na 19 cike take da baƙin haure, an cusa su a benayen haya, ɗakunan ciki ba taga ko ɗaya, ga tarin fuka, ga gobara. Aka yi doka a 1867, aka ƙara a 1879, sannan babbar ta 1901 ta tilasta wa sababbin gine-gine taga mai shigo da iska da haske da kuma makewayi a kowane sashe.

Ba mai hankalin da zai yi faɗa da wannan.

6/
Amma ku leƙa ɗaya gaɓar ƙasar. A 1870 birnin San Faransisko ya yi doka cewa duk gidan kwana dole kowane mutum ya samu ƙafa 500 ta iska, wato tsawo sau faɗi sau tsayin rufi. A takarda maganar lafiya ce. A aikace unguwar 'yan Sin kawai 'yan sanda suke dirar wa cikin dare.

Na yi lissafin ɗakinmu. Sha biyu sha biyu, silin kamar ƙafa tara, mu huɗu. Kowa ya tashi da 324. Da tuni muna bayan kanta 😂

7/
'Yan Sin ɗin suka yi dabara. Suka ƙi biyan tara, suka ce a ɗaure su. Kurkuku ya cika maƙil har shi kansa ya karya dokar da aka kama su a kanta, don ba fursunan da ke samun ƙafa 500.

Hukuma ta ji haushi, ta kawo dokar aske kan duk wanda aka ɗaure, don ta san darajar doguwar kitson da mazan Sin ke bari a lokacin. Sai a 1879 kotun tarayya ta soke wannan ta askin.

8/
Shi dai wannan birni, bayan girgizar ƙasar 1906, ya gina ƙananan gidajen katako 5,610 a filayen shaƙatawa, ƙaraminsu ƙafa 10 sau 14. Ana biyan dala 2 a wata, kuɗin yana tafiya cikin kuɗin sayen gidan. Da aka tashi sansanonin, mutane suka ɗaure gidajensu a keken doki suka ja zuwa filayen da suka samu. Har yau akwai 'yan kaɗan a tsaye.

Wato in hukuma ta so, ƙaramin gida gida ne.

9/
To yanzu mun zo inda labarin yake.

A 1916 New York ta yi dokar kasa gari shiyya-shiyya: nan masana'anta, nan kasuwa, nan gidajen zama. A shekarar kuma Berkeley ta Kalifoniya ta ware unguwar da ba a yarda a gina komai ba sai gidan iyali ɗaya a fili ɗaya.

Wasu garuruwan Kudu kuwa ba su ɓoye ba, kai tsaye suka rubuta layin farare da layin baƙaƙe. A 1917 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan a shari'ar Buchanan da Warley, wadda ta taso daga Louisville.

10/
Ɗan ratse. A wannan shekarar ta 1917 Lugga ya fitar da dokar garuruwa a Najeriya, kuma tsarinsa shi ne a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjar? Sauro da zazzaɓi. Tushen GRA ɗin da muke sha'awa yau ke nan.

Ban ce wani ya kwafi wani ba. Zamani ɗaya ne, kuma duka biyun da sunan lafiya aka shigo.

11/
Mu koma. An hana rubuta launin fata a doka, amma ba a hana rubuta lamba ba. A 1926, shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin Ambler, Kotun Ƙoli ta ce gari yana da ikon kasa ƙasarsa yadda ya ga dama in dai da hujjar amfanin jama'a. Alƙalin da ya rubuta hukuncin har kamanta benen haya ya yi da kaska a jikin unguwar masu gidan kansu.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mafi ƙarancin fili kaza, mafi ƙarancin gida kaza. Ba ka ce kar talaka ya zo ba, ka dai ce kar a gina abin da talaka zai iya saya.

12/
Shari'ar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta garin Wayne a New Jersey, 1952. Wani kamfani mai suna Lionshead Lake yana gina ƙananan gidaje a bakin tafki. Gari ya yi doka: gida mara bene kada ya gaza ƙafa 768. Kamfanin ya kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta ba gari gaskiya, ta ce matsi yana cutar da lafiya kuma gari yana da haƙƙin kare kamanninsa.

13/
Ku lura da lambar nan, 768. Gidajen farko na Levittown, shahararriyar unguwar da aka fara ginawa a 1947 don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙafa 750 ne. Gidan da dubban iyalai suka yi layi a kansa, a Wayne haramtacce ne saboda ƙafa 18.

(Ita ma Levittown ɗin ba ta sayar wa baƙar fata a lokacin, kar a ɗauka waliyyiya ce.)

14/
Ga inda hujjar lafiya take rushewa. Dokar ba ta tambayi mutum nawa ne za su zauna ba. Tsohuwa ita kaɗai dole ta gina 768. Mutum goma a cikin 768 ɗin kuma ba laifi. In da lafiya ake nema ai da kai za a ƙirga.

Ɗaya daga alƙalan ya ƙi yarda da hukuncin, ya ce za a kori iyalai masu mutunci ba don sun yi wani abu ba sai don samunsu bai kai ba. Sai a 1979 kotun ta dawo kan maganarsa a shari'ar garin Berlin na jihar. Shekara 27.

15/
Kada mu ce duk mugunta ce zalla, akwai lissafin aljihu. A Amurka kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen garin yake fitowa. Ƙaramin gida harajinsa kaɗan ne, amma yaran cikinsa kujera ɗaya za su zauna da na mai katafaren gida. Sannan ga yawancin iyalai gidan nan shi ne asusunsu na tsufa, duk abin da suke zargin zai karya farashinsa abokin gaba ne.

Su ne kuma masu zuwa taron majalisar gari. Wanda bai samu shiga garin ba tukuna ba shi da ƙuri'a a cikinsa.

16/
A birane ma an bi ta kan ɗaki ɗaya na haya, irin wanda gwauro ko ɗan ci-rani ke kamawa ana haɗa banɗaki. New York ta hana gina sababbi a tsakiyar shekarun 1950, aka riƙa rushe tsofaffi ko a mai da su otal. Zuwa shekarun 1980 mutane sun fara kwana a titi da yawa ana ta mamaki.

17/
Saura hanya ɗaya, tirela. Tun shekarun 1930 akwai masu zama a gidan da mota ke ja, garuruwa kuma suka riƙa tura su bayan gari. A 1976 gwamnatin tarayya ta fara aiki da ƙa'idarta a kan gidajen da ake ƙerawa a masana'anta, amma ta fi shafar masu ƙafa 320 zuwa sama da aka ƙera a kan ƙarfen tirela na dindindin.

Na ƙasa da haka mai taya yawanci motar shaƙatawa ake ɗaukarsa, ta zuwa hutu. Mota kuwa sufeton gini ba ruwansa da ita.

18/
Ta wannan kafar Jay Shafer ya bi. A 1999 a jihar Iowa ya gina wa kansa gida mai kusan ƙafa 100. Bai kai ma'aunin da doka ke kira gida ba, sai ya ɗora shi a kan taya. Daga baya ya kafa kamfanin Tumbleweed yana sayar da zane da gidajen, a 2002 kuma shi da wasu suka kafa ƙungiyar masu ƙananan gidaje.

Amsar abokin ɗakina ke nan. Tayar ta gudun sufeto ce. Da yawansu in an ajiye su sai su shekara ba su motsa ba.

19/
Har siffar gidan ma doka ce ta zana ta. Kun lura duk dogaye ne sirara? Saboda a yawancin jihohi abin da za ka ja a titi ba tare da izini na musamman ba kada faɗinsa ya wuce ƙafa 8 da rabi, tsayinsa kuma kusan 13 da rabi. Cire tsayin tirela, cire na falo, abin da ya rage shi ne wurin kwanan nan na sama da ba ka iya miƙewa tsaye.

Abin da muke gani a bidiyo muna cewa gwaninta, dokar hanya ce.

20/
Sai dai wanda ya tsere wa sufeton gini ya faɗa hannun jami'in shiyya. Ka ce mota ce? To a garuruwa da yawa ba a yarda a mai da motar shaƙatawa mazauni na dindindin a unguwa ba, kwanaki ake ƙayyade maka. Maƙwabci ɗaya ya buga waya, sai takardar tashi.

Banki ma ba ya ba ka bashin gida mai sauƙin ruwa na shekara 30, sai irin na mota. Kuma darajarsa sauka take yi kamar mota, tunda abin da ke tsada a gida ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce, kai kuma ba ka da ita.

21/
Abu biyu suka fito da maganar fili. Na farko guguwar Katrina a 2005. Wata mai zanen gidaje, Marianne Cusato, ta zana gida mai ƙafa 308 don ya maye tirelolin agaji. Mutane suka so shi, jihar Mississippi ta samar da irinsa da yawa, amma ƙananan hukumomi da dama na bakin teku suka ƙi yarda a bar su dindindin. Mutanen garin ne fa, ruwa ya cinye gidajensu, a filayensu.

Na biyu rushewar kasuwar gidaje a 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace gidajen miliyoyin mutane. Zuwa 2014 har shirin talabijin ake yi a kan ƙananan gidaje.

22/
Gyara ya zo, amma a hankali. Kundin ƙa'idojin ginin da na ambata a sama wata ƙungiya ce mai zaman kanta take sabunta shi duk shekara uku, jihohi da garuruwa su ɗauka in sun so. Da yana cewa dole gida ya samu ɗaki ɗaya mai ƙafa 120, a bugun 2015 aka cire wannan, aka bar 70 ga kowane ɗakin zama.

A bugun 2018 aka ƙara rataye na musamman, Rataye Q, wanda ya sassauta tsayin silin, ya yarda da tsani da matsattsiyar matakala zuwa wurin kwanan sama, da tagar tsira a rufi saboda gobara.

23/
Nan ne mutane ke ruɗewa, har ni sai da malaminmu ya ja min jan biro a kai. Ƙofa biyu ce. Ƙa'idar gini tana faɗa maka YADDA za ka gina. Dokar shiyya tana faɗa maka INDA za ka gina da girman da aka yarda. Rataye Q ta farkon kawai ya taɓa, ita ma sai jiharka ta karɓe shi, kuma an rubuta shi ne da gida mai fandisho a rai.

Kana iya gina gidan da ya cika kowace ƙa'ida ka rasa inda za ka ajiye shi.

24/
Ƙofa ta biyu gari-gari ake buɗe ta. Spur, wani ɗan ƙauye a Teksas da mutanensa ke ta ƙaura, ya yi shela a 2014 cewa masu ƙananan gidaje su zo, da sharaɗin a kafe gidan a ƙasa a haɗa shi da ruwa da magudanar gari. Fresno a 2016 ta yarda a ajiye mai taya a cikin fili kamar boyis-kwata, Los Angeles ta bi a ƙarshen 2019. Jihar Maine a 2021 ta ce duk inda aka yarda da gidan iyali ɗaya dole a yarda da ƙarami.

Ku duba da kyau: a Fresno da Los Angeles sai wanda ya riga ya mallaki babban gida ne zai ba ka gefe.

25/
Tsohuwar dokar kuma ba ta mutu ba. A garin Calhoun na jihar Jojiya an sa ƙafa 1,150 a matsayin mafi ƙaranci, ɗaki takwas irin namu. Wata ƙungiyar agaji da aka ba kyautar fili ta so gina gidaje masu ƙafa 540 zuwa 600 don masu ƙaramin albashi su saya, aka hana, sai da ta kai gari kotu a 2021. Shekara kusan 70 bayan Wayne, gardamar ba ta canza ba.

26/
Ɓangaren da ya fi ci min rai shi ne na marasa gida. A 2015 wani mutum a Los Angeles, Elvis Summers, ya fara ƙera 'yan ɗakunan katako masu ƙofa da makulli yana ba masu kwana a titi, da kuɗin da jama'a suka tara ta intanet. A farkon 2016 hukumar birnin ta fara kwashe su daga bakin titi, ta ce haɗari ne.

Ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Ba makewayi, ba ruwa, kuma a hanyar masu tafiya a ƙafa suke. Amma wanda aka ɗauke wa ɗakin tanti ya koma, a kan wannan titin dai.

27/
Shekara biyar bayan nan, a 2021, shi wannan birnin ya buɗe tasa unguwar ƙananan ɗakuna ta marasa gida a North Hollywood. Girman kowanne ƙafa 64, takwas sau takwas.

A Seattle kuwa ƙafa 96 ake yi musu da gangan, don in ya haura 120 ya shiga layin ginin da ke neman cikakken izini. Wato don a samu mutum ya kwana a inuwa, sai an tabbatar wa doka cewa abin da yake ciki ba gida ba ne.

28/
Wani zai ce to mu ina ruwanmu. A nan ba wanda zai zo da tef ya auna ɗakinka, ciki da falo ma wani burinsa ke nan. Tamu ƙofar ta takarda ce. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma fulotin da aka tsara aka ba shi satifiket ya fi ƙarfin yawancin mutane. Sai a tafi awon igiya a sayi rabi ko kwata, a gina abin da ya samu, unguwa ta cika ba hanyar mota ba kwalbati.

Ni da nake karanta tsara birane na san illar hakan, duk damina muna gani. Na kuma san ba wanda ya ba su wani zaɓin.

29/
Gwaggona ta sayar da awakinta da ɗan kunnen aurenta ta sayi kwata a bayan gari, ta gina ɗaki biyu da makewayi. Na auna da na je hutu, duka ginin bai kai ƙafa 350 ba. A Maine sunansa ƙaramin gida kuma doka ta san da shi.

Shekara uku ke nan da wasu ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti a katangarta suka tafi. Ba su dawo ba, ba su kuma ce an fasa ba. Ta tara kuɗin siminti za ta yi ɗaki na uku saboda yaran sun girma, ta kasa sa bulo ko ɗaya. Duk zuwan da na yi sai ta ce, kai da kake karatun abin, za su rushe ne ko in gina?